Dutsen Tsakiya

Ranar da ta fara ganinsa, faɗa ta je yi.

Almakashi ake ce mata, don ko unguwa za ta je sai an samu almakashi a jakarta. A shagon buga takardu take aiki, tana yanka, tana liƙi, tana ɗinke littattafai. Guntayen kwalin da ake zubarwa ba ta bari su kai kwandon shara. Da su ta shekara biyu tana ƙera wani wasa na kanta, ta sa masa suna Tsallake. Ta aika wa wani kafinta zane ya yanko mata 'yan katakai ashirin masu tsawon ɗan yatsa. Da aka kawo, sai ta ga kowanne an yi masa tsaga a baki, abin da ba ta ce a yi ba.

A bakin shagonsa ta same shi, fensir a kunne, garin katako har gira.

"Malam, kai ne kafintan? Wa ya ce ka tsaga min kaya?"

Ya ɗago yana murmushi. "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Na ga kamar gada ake shimfiɗawa da su. Gadar da ba ta kama juna ba kuwa, atishawa ma rushe ta za ta yi."

Ya ɗauki biyu ya haɗa bakinsu, suka ce ƙas. Faɗan da ta ɗauko tun daga gida ya rasa wurin sauka.

"Wai yaya ake yin wasan?" ya tambaya.

Shekara biyu cur babu wani bare da ya taɓa yi mata wannan tambayar. Kowa sai dai ya ce, yaushe za ki girma? Ta share garin katako daga kan teburinsa, ta shimfiɗa allonta na kwali. Kogi ne a zane, da duwatsu bakwai a cikinsa. Mutum biyu ke yi, kowa a gaɓarsa, kowa na shimfiɗa katako daga dutse zuwa dutse, yana kuma tare hanyar ɗan'uwansa. Wanda ya fara tsallakar da mutanensa uku shi ya ci.

Sun yi sau uku a ranar, ta cinye shi sau uku. Ta koma gida tana dariya ita kaɗai a hanya kamar wadda aka yi wa albishir.

Tana da 'yar ƙungiyarta ta masu son irin wannan abu. Akwai ƙawarta Nas, wadda in ta tashi daga asibiti sai zanen katin wasa da fenti. Akwai wani mai gyaran waya da ya raɗa wa kansa Injiniya, yana ƙera wasanni a waya, ya kuma daɗe yana zagayen Almakashi ba ta ba shi fuska ba. Kafinta ya zama na huɗu. Shawara ɗaya suka daɗe suna juyawa: su shirya taron kwana biyu, Asabar da Lahadi, duk mai wasan da ya ƙera da hannunsa ya kawo a gwada. Mai shagon da take aiki ya ba su aron sito. Nas ta ɗauki zanen fastar tallan taron, Injiniya ya ɗauki fitilu da lasifika, Kafinta tebura shida. Tsallake kuwa aka ce shi zai hau babban tebur na tsakiyar ɗaki.

"Aikinka ɗaya ne, Malam Kafinta," ta ce masa. "Ka nemo min inda wasan nan yake yoyo kafin jama'a su gani. Kada ka ji tausayina."

"An gama, gwanata."

Haka ya fara zuwa gidansu duk Asabar da yamma, a falo, a gaban Gwaggo. Gwaggo yayar babanta ce, ita ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba ko da za a yanka ta.

"Ni dai ban gane ba," take cewa tana tsinke zaren wani tsohon zani. "Ƙato da gemunsa ya zauna yana tura 'yan itace kamar ɗan yaye. Kai, babu aiki ne a shagon naku?"

"Akwai, Gwaggo."

"To Allah ya shirya."

Amma duk mitar nan idonta na kan allon. Ba ta taɓa shiga aji ba, sai dai ba a yi abin da zai gifta ta gabanta ta kasa gani ba.

Wata huɗu ana haka. Saƙonni suka fara yawo tsakanin wayoyi biyu.

"Gwanata, yau na yanke katako ba daidai ba har sau biyu. Laifinki ne, ki zo ki ba mai kujera haƙuri."

"Ni na riƙe maka zarto? To ya wasan, ka ga wani rami?"

"Babu rami. Wasanki kamar mai shi yake, ba inda za a kushe."

Ta karanta wannan saƙon ya fi sau goma. Kowa ma zai karanta. Sai dai wani abu ya riƙa yi mata ƙaiƙayi a rai: duk sanda shi ne zai fara, hannunsa kan miƙe kamar zai sauka a tsakiyar kogi, ya ɗan tsaya a iska, sannan ya karkata gefe. Ta tambaye shi, ya ce tunani yake yi. Gwaggo ta yi tsaki.

Da ya turo manyansa neman aurenta, baban Almakashi ya ce shi ba shi da ta cewa, a tambayi yayarsa. Gwaggo ta ce a dakata.

"Me ya yi, Gwaggo?" Almakashi ta tambaya kamar za ta yi kuka.

"Ban sani ba tukuna. Amma mutumin da zai yi wata huɗu ana kayar da shi yana washe baki, ko dai wawa ne ko yana ɓoye wani abu. Wannan kuwa ba wawa ba ne."

Ranar Laraba, saura kwana uku taro, suka haɗu a sito don gwajin ƙarshe. An share, an jera kujerun roba, fastar Nas na manne a ƙofa. Kafinta ya tafi ɗauko sauran tebura. Injiniya ya ja kujera ya zauna a gaban allon.

"Bari in gwada sa'ata. Ni zan fara."

Ya ɗora katakonsa a kan dutsen tsakiya. Kafin ta ankara ya tsallakar da mutum uku. Suka sake, ya sake. Sau biyar. Ta gwada ta dama, ta gwada ta hagu, babu hanya. Ashe duk wanda ya fara, ya kama dutsen tsakiya, ya riga ya ci. Aikin shekara biyu, ga ƙaton rami a cikinsa.

"Yaya aka yi ka gano?" ta tambaye shi.

"Ni? Ai ba ni na gano ba." Ya zaro wata takarda daga aljihu. "A shagon mutuminki na tsinta da na je duba tebura. Dubi kwanan watan da ke sama."

Rubutun Kafinta ne da fensir, ga kogin, ga dutsen tsakiya an zagaye shi. Kwanan watan kuwa sati biyu ne bayan haɗuwarsu.

Daidai nan ya shigo da tebur a ka. Yana ganin takardar ya sauke a hankali.

"Gwanata, tsaya ki ji..."

"Kada ka sake kira na gwana. Gwanar me? Gwanar da ake bar wa ci kamar yarinya?"

"Na so in samo maganinsa ne kafin in faɗa miki. Dubi bayan takardar, hanya nawa na gwada. Na ga yadda kike son wasan nan, na kasa..."

"Wa ya aike ka? Gyara nawa ne, naka kawai ka faɗa min. Da sai ka bar ni in tsaya gaban jama'a ranar Asabar su yi min dariya?"

Ta tattara allonta ta fita. Injiniya ya bi ta yana cewa shi fa taimako ya yi. Ta juyo ta ce, "Tun yaushe takardar take aljihunka?" Ya kau da kai. Nas ce ta amsa, ta ce sati uku ke nan da ya je duba teburan. Ya ajiye ta ne sai ranar da za ta fi ciwo. Daga ranar nan zancen Injiniya ya mutu a wurinta.

Kuma kada wani ya ce ƙaramin abu ne, wai wasa ne kawai. Ba wasa ba ne. Mace ta ba ka amanar abin da ta fi so, ta ce ka faɗa mata gaskiya, kai kuma ka dube ta ka yanke cewa ba za ta iya ɗauka ba. Wannan raini ne, ko da a cikin so aka naɗe shi. Gobe in rufin ɗaki na yoyo, haka zai ce mata babu komai?

A gida ta shimfiɗa allon a tabarma ta zuba masa ido. Saƙo ya shigo.

"Ban da hujja. Na ji tsoron ɓacin ranki fiye da yadda na girmama hankalinki. Ki yafe min ko kada ki yafe, teburinki na nan a tsakiyar ɗaki, na goge shi."

Ta kife wayar. Gwaggo ta zo ta tsaya a kanta, sai da ta sa ta faɗa mata duk abin da ya faru.

"To, ashe abin da yake ɓoyewa ke nan. Na ce! Matsa in gani." Ta durƙusa da ƙyar. "Wannan shi ne dutsen da ya hana ki cin abinci? Ke, wane irin kogi ne wannan da ba ya cika? Kullum ruwa a wuri ɗaya kamar na kwano?"

Almakashi ta ɗago a hankali. Ta zaro almakashinta, ta yanko shuɗin kwali.

Kwana biyu tana gwadawa, ita da Nas, har da Gwaggo da ta ce ita ba wasa take yi ba, taya 'yarta take yi. Sabuwar doka ɗaya ce: duk zagaye na huɗu ambaliya za ta zo, ta rufe dutsen tsakiya, ta tafi da duk abin da ke kansa.

Ranar Juma'a Gwaggo ta sa aka kira mata Kafinta. Ko ruwa ba ta ba shi ba.

"Kai, saurara. Ni ban yi makaranta ba, amma na san maƙaryaci. Ba zan ba ka 'yata don ka iya lallashi ba. Gobe za ka zauna da ita a gaban mutane, ka yi wasan nan da iyakar ƙarfinka. In na ga hannun nan naka ya tsaya a iska ko sau ɗaya, kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan."

Asabar sito ya cika har ƙofa. Wani tela ya kawo wasan maɓallai, wasu 'yan mata biyu sun kawo na kati, wani tsohon direba ya kawo na hanyoyi da ya zana a bayan kalanda. Mutane na zagayawa tebur tebur suna tambaya, wannan yaya ake yi, wancan wa ya ƙera? Gwaggo ta sa an ajiye mata kujera dab da babban tebur.

Kafinta ne ya fara. Hannunsa ya sauka a dutsen tsakiya ba tare da ya tsaya ba. Zagaye na huɗu Almakashi ta ɗora shuɗin kwali, ruwa ya kwashe gadarsa, jama'a suka sa ihu. Ya goge gumi, ya sake lale ta gefe. Ta tare shi, ya zille. Tun da suka haɗu ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, ya haɗe gira, ya manta da ita sam, allon kawai yake gani. Sun kusa awa guda. Tana da mutum biyu a tsallake, saura katako ɗaya, sai ya tsallakar da na ukunsa.

Abin ya yi mata zafi, ba ƙarya. Ta dube shi.

"Faɗi."

Ya nuna allon. "Ramin tsakiya ya toshe. Amma dutsen gefen hagu ya yi kusa da gaɓa, ta nan na bi. Kuma kwalin ambaliyar ya yi girma, yana ture katakan da ba ruwansu."

"Shi ke nan?"

"Akwai saura biyu. Na rubuta."

Ta miƙa hannu ta karɓi takardar, ta karanta har ƙasa. Sai ga murmushi ya ƙwace mata, hawaye na bin sa.

"Jera kayan, nawa. Yanzu ni zan fara."

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, yanzu na ga namiji. Ka ce wa manyanka su dawo."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Nas ce ta zana katin gayyata, mai shago ya buga, amarya ta yanke da hannunta. Da aka zo tafiya da ita, Gwaggo ta riƙe hannun ango ta ƙi saki.

"Ga ta nan, na ba ka. In miyarta ta yi gishiri ka ce ta yi gishiri. In ta yi kyau ka ce ta yi kyau, don ta san in ka faɗa gaskiya ne. Ke kuma in ya faɗa kada ki kumbura min baki." Ta yi maza ta share ido da bakin mayafi. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya raba ku da daɗin baki. Ku tafi, kun tsaya kuna kallona."

Duk ɗakin aka amsa da amin.