’Yar Mai Burkutu

Ranar Lahadi da hantsi, bayan an tashi daga coci, Esta tana tsaye a tsakar gida tana goge rigarta da dutsen guga na gawayi. Mahaifiyarta, Mama Marta, tana can gindin murhu tana juya tukunyar burkutu, hayaƙi sai shiga idonta yake.

“Esta, matsa da rigar nan gefe mana! So kike ki je gidan surukai kina warin tsiron dawa?”

“Haba Mama, ai warin gidanmu ne,” in ji Esta tana dariya.

Mama Marta ba ta yi dariyar ba. Ita ta san abin da take gudu. Daga Kudancin Zariya suka zo Katsina ita da mijinta, direban babbar mota. Esta tana goye Allah ya karɓi ran mijin a hanyar Funtuwa. Ba gona, ba dangi a kusa, sai ta kama sana’ar da ta tashi ta ga uwarta tana yi. A wannan ɗan gida na bayan ganuwa, wajen Ƙofar Marusa, da wannan tukunya ta ciyar da ’yarta, ta kai ta kwaleji, har ga shi yau ta zama malamar firamare.

A gidan nan ma Esta ta fara ganin Markus. Lokacin kuɗi sun shigo ƙasa, an ƙara wa ma’aikata albashi, kowane saurayin ofis ya sayi babur. Abokinsa Bulus yana da wata al’ada: duk Asabar sai ya zaga ƙananan gidajen burkutu, ya karɓi ƙoƙon ɗanɗano a nan, ya karɓa a can, ya yanke hukuncin wadda ta fi iya dahuwa a wannan mako. Markus rakiya kawai yake yi. Da aka miƙa masa ɗanɗano ya ce shi ba ya sha, a taimake shi da ruwa. Esta ce ta kawo ruwan. Daga ranar ya riƙa zuwa ba tare da Bulus ba.

Da la’asar ɗin Lahadin nan Markus ya ɗauke ta a babur zuwa gidansu. Mahaifinsa, Baba Tanko, dattijon coci ne, mutum mai kaifi ɗaya. Esta ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a tsanake, ya tambayi aiki da yaran makaranta. Sannan ya gyara zama.

“Yarinya, na bincika. Ba wanda ya faɗi aibinki. Amma ni ina tsayawa gaban jama’a ina yi musu faɗa a kan abin sha. Ƙanena da nake bi da bi da shi, giya ce ta kai shi kabari. Ba zan kai goro gidan burkutu ba.”



“Ga mafita,” ya ci gaba. “Ki tattara kayanki ki koma gidan wani daga cikin dattawanmu. Su ne za su tsaya miki a matsayin iyaye. Ranar aure kuma mahaifiyarki ta yi haƙuri ta zauna a gida. In kin yarda, kafin Kirsimeti a gama komai.”

Esta ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan rigar da ta goge.

“Baba, ka gafarce ni. Ba ni da wata uwa sai ita.”

A hanya Markus ya tsayar da babur gindin wata bishiyar darbejiya.

“Esta, sori, na san abin da zafi. Amma rana ɗaya ce fa! In an ɗaura aure, wa zai hana ki zuwa wurinta?”

“Rana ɗaya? Markus, ranar da ta yi shekara da shekaru tana jira? In ce mata me? In ce Mama, kin ƙona hannunki kin yi mini karatu, yanzu kuma ina jin kunyarki?”

“To ni fa? Ni ba ki jin tausayina?”

“Ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan taka Mama in zo wurinka ba.”

“Shi ke nan! Kin zaɓa.”

Ya sauke ta a ƙofar gida, ko sallama bai shiga ya yi ba.

Da Mama Marta ta ji yadda aka yi, sai ta ce, “Ki koma ki ce kin yarda. Ni me zan yi a coci ranar? Daga nan ma addu’ata za ta same ki.”

“Wallahi Mama ko zan tsufa a ɗakin nan, ba zan yi ba!”

Suka rungume juna suna kuka, tukunya tana ta tafasa ba mai kula ta.

Damina ta shigo ta fita, Markus bai leƙo ba. Esta ta rame. Da safe ta tafi makaranta, ta dawo ta shige ɗaki. A coci takan hango shi daga nesa, daga baya ma ta daina ganinsa.

Wata Juma’a Malam Idi, Bakatsine mai kai wa gidajen unguwar itace a kan jaki, ya sauke kayansa ya tsaya yana ’yan kame-kame.

“Marta, wata magana ce, ban sani ba ko in hwaɗi. Yaron nan mai babur da ka zuwa nan, lahiya dai? Duk gidan da na kai itace sai in ishe shi zaune da ƙwarya. Shekaranjiya da kyar ya tashi.”

Esta tana bakin ƙofa, ta ji komai. 

“Markus? Markus da ko ɗanɗano ba ya karɓa?”

Ashe tun bayan rabuwarsu ya koma bin Bulus zagayen Asabar. Da farko don ya ɓata wa mahaifinsa rai ne, ya karɓi ƙoƙo ɗaya. Daga ɗanɗano aka koma ƙwarya, daga Asabar aka koma kullum. Bulus kansa ya tsorata ya janye jiki. Gidan Mama Marta kaɗai ne bai taɓa takawa ba.

Washegari Asabar, ranar da aka fi ciniki, Mama Marta ta rufe tulunanta, ta sallami masu zuwa, ta ɗaura zanen fita.

“Tashi mu tafi neman Markus,” ta ce wa Esta.

“Ina za mu, Mama? Saboda mutanen da suka ce ba ki isa ki je ɗaurin aurena ba?”

“Yaron ba shi ya ce ba. Ko da shi ya ce, ɗan mutane ne.”

Suka fara da gidan Uwar Ladi a bayan barikin soja. Rumfar zana ce da benci biyu, maza suna ta hayaniya, rediyo yana kiɗa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, Uwar Ladi ta ɗebo ɗanɗano a ƙaramin ƙoƙo ta miƙa. Mama Marta ta kurɓa ta gyaɗa kai.

“Jar dawa ce wannan, ta ji wuta. Hannunki bai canza ba.” Ta ajiye ƙoƙon. “Roƙo na zo. Yaron nan Markus, in ya zo kada ki sayar masa.”

“Ɗan dattijon da ke zaginmu a coci? Ki bar shi ya ga abin a gidansa!”

“Ke ma kina da ɗa namiji, Uwar Ladi.”

Matar ta ce ta ji.

Haka suka yi ta bi. Wani gidan giyar fito ake yi, mai zaƙi, wani burkutun mai tsami ne da kauri. Ko’ina sai an miƙo ɗanɗano, don ƙin karɓa raini ne a tsakaninsu, Mama Marta ta taɓa da leɓe ta yaba, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Esta tana biye da ita, ƙafafunta sun yi futu-futu. Duk tsawon rayuwarta a gidan burkutu ta tashi, amma ba ta taɓa kallon masu sha da idon da take kallonsu yau ba. A kowane benci Markus take gani.

Wata matar ta ƙi sam. “Kasuwa ce, Marta. In ban sayar ba wata za ta sayar.”

“Gaskiya ne. Amma ba ke za ki kai gawarsa gida ba, ko?”

Matar ta kawar da kai. Da za su fita ta ce, “Ɗazu ya bar nan. Ya ce zai wuce ƙauyen nan na gaba da Batagarawa.”

Suka shiga motar kasuwa. Rana ta karkata suka iso gidan, wasu bukkoki a bakin gona da rumfar kara. Ga babur a jingine, madubinsa a fashe. Ga Markus yana ta ƙoƙarin tayar da shi, ƙafarsa tana zamewa, wandonsa ya yage a gwiwa, jini ya bushe a wurin.

“Markus!” Esta ta ƙwala masa kira.

Ya waiwayo, idanunsa jawur. “A’a! Malama ce da kanta? An zo kallon ɗan dattijo?”

Mama Marta ta je ta zare makullin babur ta ƙulle a bakin zanenta.

“Mama, ba ni makullina!”

“Ba zan ba ka ba. In kana so ka doke ni, ga ni.”

Ya tsaya yana layi, ya dube ta, ya dubi Esta. Sai kawai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka kamar yaro. Esta ta durƙusa ta wanke masa gwiwa. Aka taimaka musu aka saka shi a mota.

Baba Tanko yana zaune a ƙofar gida suka iso riƙe da ɗansa. Ya miƙe a fusace.

“Abin da nake gudu ke nan! Kun ga ba ku same shi ta hanyar arziki ba, shi ne kuka ɗura masa guba? Fita mini daga gida, mace marar tsoron Allah!”

Maƙwabta suka firfito. Esta ta buɗe baki za ta yi magana, uwarta ta damƙe mata hannu. Mama Marta ta kwance makullin ta ajiye a kan tabarmarsa.

“Baban Markus, a ba shi kunu mai zafi, kada a bar shi ya kwanta rigingine. Baburinsa yana can ƙauye. Allah ya ba shi lafiya.”

A hanya Esta kuka take kamar ranta zai fita. “Mama, don me ba ki bar ni na faɗa masa gaskiya ba?”

“Uba ne ya ga ɗansa a haka. Ko kin faɗa ba zai ji ba yau.”

Ba a nan abin ya ƙare ba. Markus ya sake fita nema, amma gida bayan gida ana ce masa, “Marta ta hana.” Inda aka sayar masa kuwa, labari yakan iso, Mama Marta ta sake ɗaura zane ta tafi. Abokan cinikinta suka gaji da tarar da ƙofa a rufe, da yawa suka sauya gida. A coci mata suna nuna Esta da baki. Ita dai ba ta tanka wa kowa, kuma ba ta je wurin Markus ba. Saƙo ɗaya ta ba Bulus ya kai masa: tana nan, amma ba za ta auri mashayi ba.

Sannu a hankali ya dawo hayyacinsa. Ya koma ofis, ya koma coci. Shi da bakinsa ya zaunar da mahaifinsa ya gaya masa cewa ko ɗigo bai taɓa sha a gidan Mama Marta ba, ya kuma gaya masa wadda ta bi gidaje tana rufe masa ƙofa.

Wata safiya bayan Ista aka yi sallama. Esta ta leƙa, sai ga Baba Tanko, Markus a bayansa. Tsohon ya shigo har tsakar gida, ya cire hularsa.

“Maman Esta, na zage ki a gaban jama’a, alhali ke kika tsamo mini ɗa. Ni da nake ubansa faɗa kawai na iya, ban taɓa bin sawunsa ba. Ki yafe mini. Har gobe ba na son abin da ke cikin tukunyar nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma ’yarki nake roƙo, kuma a hannunki nake roƙonta.”

Mama Marta ta share ido da gefen mayafi.

“Na yafe, Baban Markus. Tukunya kuwa, tun ranar da na ga yaron nan a ƙasa raina ya fita daga kanta. Na daɗe ina ganin ’ya’yan wasu haka ina kawar da kai, don ina da bakin da zan ciyar. Yanzu Esta ta kama aiki. Dawar da ta rage in ta ƙare, waina da kunun zaƙi zan koma.”

Markus ya matso, ya kasa haɗa ido da Esta. “Ban san da bakin da zan ba ki haƙuri ba.”

“Ba ni za ka fara ba wa ba,” ta ce, tana murmushi cikin hawaye. Ya juya ya durƙusa gaban Mama Marta.

Kafin saukar ruwan fari aka ɗaura auren. Da fasto ya tambayi wanda ya ba da amarya, Mama Marta ce ta miƙe daga layin gaba ta ce, “Ni ce.” 

To, ’yan mata da samari, ku riƙe wannan. Da Esta ta yarda ta ɓoye uwarta, da ta sami miji da wuri, amma da ta rasa wadda za ta ceto mata shi ranar da ya faɗi. Ta yi haƙuri, ta sha zagi da kuka, Allah ya haɗa mata duka biyun. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa gida hukunci saboda abin da ake dafawa a cikinsa, ku tsaya ku san halin mutanen da ke ciki.