Takardar da ke Cikin Hular Ridwanu

Hula aka sace. Abin da tsohon ya zo faɗa ke nan a ofishin 'yan sanda na Gashuwa ranar Litinin da hantsi.

Sufeto Babakura bai ɗago kai ba. Shekararsa goma sha tara yana wannan aiki, ya rubuta rahoton gawarwakin hanyar Nguru har ya daina jin komai, balle a zo masa da zancen hula.

"Baba, hular taka nawa ka saye ta?"

"Ba tawa ba ce, yallaɓai. Ta ɗana ce, Ridwanu. Yau kwanansa tara a ƙasa."

Sunan tsohon Malam Kalli, manomin shinkafa daga Dagona. Ya yi bayani da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Ridwanu makaniki ne a kamfanin casar shinkafa na Alhaji Maiturare. Bara kamfanin ya tura shi Kano wata shida, ya koyo gyaran injin da ke tsince tsakuwa daga shinkafa. An kashe masa naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Sharaɗin shi ne ya yi musu aiki shekara uku. In ya bari kafin nan ya biya, in ya rasu yana aiki an yafe. Malam Kalli ne ya tsaya masa da gonarsa ta fadama. Ranar Asabar tara ga wata, tirela ta banke Ridwanu a kan babur kusa da Nguru.

"Jiya manajansu Abba ya aiko. Wai yaron ya ajiye aiki tun ranar Alhamis, kwana biyu kafin ya rasu. Wai in biya ko in ba da gona."

"To ina hula ta shigo?"

"Matarsa ce ta ce in faɗa maka hakan. Ita tana takaba."

Babakura ya je gidan marigayin, ya zauna a zaure. Matar Ridwanu, Wasila, ta tsaya bayan labule. Ba ta yi kuka ba. Ya lura da haka, bai ji komai a kai ba.

"Mijinki ya rubuta takardar barin aiki?"

"Ya rubuta. An yi masa tayin aiki a Nguru, albashi ninki biyu."

"To ai magana ta ƙare."

"Bai kai ba, yallaɓai. Shi duk takardarsa a cikin hula yake sawa. Ranar Asabar a gabana ya ninke ta ya mayar, ya sa hular ya fita. Da aka kawo kayansa akwai agogo da waya da makulli. Babu hula."

Daga nan ya wuce kamfanin. Alhaji Maiturare ya karɓe shi cikin ƙarar injina da ƙurar ɓuntu.

"Ni fa ban zalunci kowa ba," in ji Alhaji. "Yara uku na koyar da kuɗina, biyu sun gudu da ilmin. In ban riƙe sharaɗi ba, gobe wa zan koyar?"

"Yaushe ka ga takardar?"

"Shekaranjiya. Ina Umara aka yi rasuwar, ga fasfo ɗina. Abba ne ya nuna mini ita a fayil."

Fasfon ya gaskata shi. Babakura ya nemi fayil ɗin, ya ɗauki takardar zuwa bakin taga. Rubutun Ridwanu ne, ya yi daidai da na sauran takardunsa. Amma an ninke ta gida takwas, ta ɗan lanƙwashe, gefenta ya yi rawaya irin ta gumi. A kusurwar ƙasa akwai tabo ruwan ƙasa, bai kai ƙwayar wake ba. Hatimin kamfani na shuɗiyar tawada ya ce an karɓa Alhamis bakwai ga wata, kuma bakin hatimin ya hau kan tabon.

Sakatariya Nuraini ce ke riƙe da hatimi. Ta zauna tana murza bakin mayafinta.

"Ke kika buga wannan?"

"Wallahi ban taɓa ganinta ba sai a fayil."

"Kina ofis ranar Alhamis ɗin?"

"Tun safe har la'asar. Duk takardar da na karɓa sai na sa ta a rajista. Duba, babu ita."

Ya duba, babu. Ya ce ta kawo sauran takardun da ta buga wa hatimi a makon. Guda biyar ne, duk da jar tawada.

"Me ya sa waɗannan ja, wannan shuɗi?"

Ta sake duba takardar. "Jar ta ƙare mini. Ranar Litinin bayan rasuwar na aika kasuwa, ba a samu ja ba, aka kawo shuɗiya."

"Wa ke da makullin durowarki?"

"Ni da manaja."

Washegari ya kama hanyar Nguru. Ya wuce inda abin ya faru, babu abin da ya rage sai fasasshen gilashi a gefen kwalta. A asibitin da aka kai gawar, ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ya buɗe masa littafi. Agogo ɗaya, waya ɗaya, makulli, hula zanna ɗaya. A ƙasa ga sa hannun wanda ya karɓa: Abba Mohammed. Shi ne ya zo da motar kamfani ya ɗauki gawar.

A hanyar dawowa ya tsaya Dagona, ya sa Malam Kalli ya nuna masa gonar. Shinkafar ta fara nuna.

"Waccan ta gefe, mai injin ban ruwa biyu, ta wane ne?"

"Ta Abba manaja ce. Sau biyu yana neman in sayar masa da tawa, don ita ce ke bakin ruwa. Na ƙi."

Da Babakura ya kira Abba ofis, ya zo da farar shadda yana ƙamshi, ya fara da ta'aziyya. Ya ce Ridwanu kamar ƙane yake a wurinsa.

"Wa ya karɓi takardar?" in ji Babakura.

"Ni. Ranar Alhamis da azahar. Nuraini ta fita salla, sai na buga hatimi da kaina."

"A yaya ya kawo ta?"

"A ambulan, kamar yadda ake yi."

"Ka taɓa ganin wasiƙar ambulan mai ninki takwas?"

"Mutane ai kowa da halinsa, yallaɓai."

"Haka ne. Wace tawada ka buga da ita?"

"Wadda na tarar."

"Ranar Alhamis ja ce a ofis ɗin. Shuɗiya ba ta shigo ba sai Litinin, Ridwanu na da kwana biyu a kabari." Ya tura masa takardar. "Wannan tabon kuma, in an kai ɗakin gwaji za a ce jini ne. Tawadarka a samansa take. Mutum ba ya zubar da jinin hatsarin Asabar a kan takardar da ya miƙa tun Alhamis."

Abba ya kalli tabon. Babakura ya ci gaba.

"Kaya huɗu ka sa wa hannu a Nguru, uku ka kai wa ubansa. Ina hular?"

Abba ya amsa ba tare da ya kalli kowa ba. "Ai shi ya rubuta. Ni ban ƙara harafi ɗaya ba. Da ya yi rai da ya kawo ta."

"Amma bai kawo ba. Ina hular?"

Tana ƙarƙashin kujerar direba a motar kamfani, cikin baƙar leda. Ya kasa yar da ita, ya kasa shiga da ita gidansa.

Babakura ya zayyana wa Alhaji Maiturare yadda abin ya kasance. Abba ya ga takardar a cikin hular tun a hanya. Ya bari aka yi sadakar uku, ya buɗe durowar Nuraini, ya mayar da kwanan watan hatimi baya, ya buga. Ya san tsohon ba shi da miliyan biyu. Dole a sayar da gonar, kuma ba mai saye da ya fi maƙwabci kusa. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ɗauko takardar sharaɗin ya rubuta a kai cewa Ridwanu ya rasu yana ma'aikacinsu.

Da la'asar Babakura ya kai labarin zauren Wasila. Malam Kalli na zaune a kan tabarma.

"Baba, gonarka tana nan. Ba wanda zai taɓa ta."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Ashe da gaske ya so barin aikin, da gonata a wuyansa."

"Kwana goma sha biyu tana kansa, Baba," in ji Wasila daga bayan labule. "Kullum da safe sai ya ciro ta ya karanta, ya ce yau zai kai. Sai ya ce to gonar Baba fa, ya mayar. Ranar Asabar ɗin ma Nguru ya tafi ya ce musu su nemi wani."

Babakura ya ji maganar ta taɓa masa zuciya, abin da ya daɗe bai ji ba, ya ƙura wa takalminsa ido har ya wuce.

"Hular fa, yallaɓai?" in ji Malam Kalli.

"Shaida ce. Sai an gama shari'a."

"Zan jira." Ya dafa bango ya miƙe, ya sa takalmansa. "Shinkafar ta kusa yanka. Shi ya ce zai ɗauki hutu ya zo mu yanke."