Farar Hodar Malamin Gona

Da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Maiyama: wata mata mai suna Zaituna ta mutu a Gumbin Kure bayan ta ci tuwon gero, an kwashi mijinta Bature da 'yarsu zuwa asibiti a Jega. Lokacin jihar Kebbi ba ta wuce shekara biyu ba, ma'aikata sun yi ƙaranci. Sufeto Abdulmajid ya hau babur da kurtu guda.

Ya tarar da zauren maigari kewaye da mutane riƙe da sanduna. A ciki aka kulle Rufa'i, malamin gonan da ya raba wa manoma wata farar hoda don cakuɗawa da tsabar gero saboda ƙwari. Maigari ya ce bayan la'asar za a kai gawa, in an dawo daga maƙabarta ba zai iya riƙe kowa ba.

Rufa'i na zaune a ƙasa, leɓensa a fashe. Ya yi ta rantsuwa cewa hodar silika ce, dangin abin da ke cikin yashi, jikin ƙwaro take busarwa, ba dafi gare ta ba. Haɗarinta guda: kada a shaƙi ƙurarta, a kuma wanke hatsi kafin daka.

"Yallaɓai, duba," in ji shi, ya damƙi hodar ya watsa a baki. "In ita ce, in riga su mutuwa."

Sufeto ya sansana buhun, babu wari ko kaɗan. Ya karɓi takardar sunayen waɗanda aka raba wa. Babu Bature a ciki.

A gidan mamaciyar, sauran tuwon na cikin tukunya, yana tashin wani wari mai kama da kananzir. Akuyar da aka ba ruwan wankin geron tana kwance a mace. Ya leƙa rumbun gidan: fayau, har gizo-gizo ya yi saƙa.

Daga ina ke nan geron ya fito?

Ya bar kurtun a bakin zaure, ya nufi Jega. Bature na kwance ana ƙara masa ruwa, 'yarsa a gadon gefe ba ta san wanda ke kanta ba. Ya ce a kasuwar Jega ya auno geron.

"Wurin wa?"

"Na manta, Yallaɓai."

"An faɗa mini albasarka ta ruɓe bana, ba ka sayar da ko kwando ba. Da me ka auno? Akwai wanda za a kashe yau saboda shirunka."

Bature ya juya fuska bango. Da ƙyar ya faɗa cewa shi ya huda rumbun wansa mai suna Malami ta ƙasa, yana tarar tsabar da ƙwarya. Sau huɗu ya yi.

A kan hanyar komawa Sufeto ya yi ta lissafi. Malami na cikin waɗanda suka karɓi hodar, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya a ƙofar maigari. In mutanen gari suka ji geron daga rumbunsa ya fito, sai su ce ai ga shaida, hodar ce. Maimakon ya ceci Rufa'i, ya ƙara ɗaure shi ne.

Rana ta karkata lokacin da ya shiga gidan Malami. Ya durƙusa ƙarƙashin rumbun, ya ga hujin an cusa masa tsumma. Wari iri ɗaya da na tukunyar. Tsabar gero ta zube a ƙasa, tari guda, babu abin da ya taɓa ta.

Ya daɗe yana kallon tsabar. A ƙauye, ƙwaya ba ta wuni a ƙarƙashin rumbu.

Ya tambayi Tabawa, matar gidan, ina kajinsu. Ta nuna akurki: kwana uku ke nan maigida ya hana a sake su, ya kuma ce ta daina ɗiba a wannan rumbun, ta koma wa dawa. Ba ta san dalili ba.

Aka kira Malami daga wurin zaman makoki. Ya ce bai san da huji ba, hodar malamin gona kawai ya zuba.

"Hodar ta yi wata uku a rumbunka, kajinka na tsince-tsince lafiya," in ji Sufeto. "Me ya sa sai shekaranjiya ka tsare su?"

"Shaho ya dame mu."

"Shahon ne ya hana matarka cin gero?"

Malami ya zauna a kan turmi. Can ya nuna rufin ɗaki, inda aka ciro gwangwanin maganin feshin albasa, saura kaɗan. Shi ya zuba wa geron.

"Ka san wanda ke ɗiba?"

"Na san sawun ƙanena, Yallaɓai. Cewa na yi cikinai shi murɗa, shi zo shi faɗi da bakinai. Da ya roƙe ni, wallahi da na ba shi rabi. Bai roƙa ba."

"Kai kuma ba ka miƙa ba."

Sufeto ya saka masa ankwa.

Masu jana'iza na dawowa Sufeto ya tsaya da Malami a ƙofar zauren maigari, ankwa a hannunsa, ya ce ya maimaita abin da ya faɗa. Ya maimaita. Sandunan suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe wa Rufa'i, ya fito yana dafa bango, babu wanda ya iya haɗa ido da shi.

Da za su hau babur, Malami ya tambaya a hankali ko yarinyar za ta tashi.

"Ban sani ba," in ji Sufeto. "Hau."