Shafin da Aka Toshe wa Maigida

Mai kamfanin ɗab'i ya zo caji ofis da kansa, idanunsa jawur. Wai an yi masa sata: shafin intanet mai bidiyoyin marigayiya matarsa ya daina buɗuwa. Injiniyan ofis yake zargi, ya kuma rantse yau zai kore shi.

Wannan ba aikin 'yan sanda ba ne, amma tausayin tsohon ya kama Sufeto. Ta ɗauki hularta ta bi shi.

Injiniya ya nuna mata firoksi, na'urar da ke tace duk intanet ɗin ofis. Ya ce ƙila 'yan kutse ne. Bawan Allah, ko ƙaryar ma bai iya ba, sai gumi.

Sufeto ta duba ƙa'idojin da aka saka wa na'urar. Sababbi biyu ne: a hana kwamfutar maigida wannan shafin, a bar wa ta ɗakin cin abinci.

"Ɗan kutse mai tausayi ke nan. Wa kuma ya san kalmar sirri?"

"Ni kaɗai, ranki ya daɗe."

A ɗakin cin abinci ta tarar da sabuwar kujera mai matashin baya a gaban kwamfutar, ga kwano a rufe. Mai shara ta raɗa mata cewa tun rasuwar matarsa maigida yake kulle kansa a ofis yana kallo, abinci sai dai a kwashe yadda aka kai. Kujerar kuwa akantar ofis ce ta kawo, wato 'yarsa.

Akanta ta ce ita da kwamfuta sai lissafi.

"To shi ke nan, injiniya zan tafi da shi," in ji Sufeto.

Nan ta fashe da kuka.

"Ni ce, Baba. Ni na roƙe shi kalmar sirrin, na rantsar da shi. Ban raba ka da Mama ba. So nake ka fito ka gan ta a cikinmu, kana cin abinci. Kada in rasa ku duka biyu."

Tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Kama ta, Sufeto," ya ce.

Sufeto ta riƙe hannunta, ta tasa ta har ɗakin cin abinci. Maigida ya biyo su yana gunaguni, ya zauna a kujerar. Shafin ya buɗe, dariyar marigayiya ta cika ɗakin.

Injiniya ya leƙo a ɗarare, ya tambaya ko ya cire ƙa'idar.

"Bar ta," in ji tsohon, ya jawo kwanon.