Tsohuwa da Hanyar Gidan Suna

A wani zamani an yi wata tsohuwa mai saƙar tabarma. 'Yarta ta haihu a wani ƙauye ƙetaren rafi. Ranar suna ta ɗaura kayan barka, ta kama hanya.

Ta gamu da mai itace. Ya ce, "Iya, ki koma gida, ruwan sama zai tare ki."

Ta ce, "Ɗana, da idonka ka gani, ko a ganinka ne?"

Ya ce, "A ganina ne."

Ta gode masa, ta wuce.

Ta gamu da mai nono. Mai nono ta ce, "Iya, ki koma gida, tafiyar nan ta fi ƙarfinki."

Ta ce, "'Yata, da idonki kika gani, ko a ganinki ne?"

Mai nono ta yi dariya, ta ce, "A ganina ne."

Ta gode mata, ta wuce.

Can ta gamu da wani manomi, wandonsa sharkaf. Ya ce, "Iya, kada ki bi gadar itace, ta karye."

Ta yi masa tambayar nan.

Ya ce, "Da idona na gani. Da ni ma ta rufta."

Nan take tsohuwa ta sake hanya, ta gangara wurin mai kwalekwale, ya ƙetarar da ita lafiya.

Tana shiga gidan, mata suka rangaɗa guɗa. Ashe sunanta aka raɗa wa jaririyar. Tsohuwa ta ajiye kaya, ta taka rawa har ɗankwalinta ya faɗi.