Kwalbar da Ba Ta Narke Ba

Mai shara ce ta fara gani. Ta shiga ɗakin gwajin asibitin da safe, ta tarar da kwaɗon babban firji a ƙasa, an yanke masa wuya. Ta jingine tsintsiya ta je ta kira Farfesa, shugaban ɗakin. Kafin hantsi an gane abin da ya ɓace: 'yar kwalba ɗaya, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Sufeto ya iso yana ɗan cin magani. Ya baro maganar satar babura a ofis, aka ce ya zo neman kwalba. Amma a baranda ya wuce wata mata mai ciki a kan benci, ta haɗa hannu a cinya tana kallon bango, kuma da Farfesa ya gaya masa ko ita wace ce, fushin ya bi iska.

Ɗanta na fari ya rasu bara. An haife shi yatsunsa a manne, zuciyarsa kuma ba ta cika ba. Kafin ya rasu an ɗebi ɗan fatarsa, shi ne abin da ke cikin kwalbar, kuma babu wani da zai yi aikinsa a duniya. Yanzu ga ciki na biyu ya tsufa. Likitoci na son sanin abin da ya kashe na farin domin su duba shi a jikin na cikin, su shirya masa tun bai faɗo ba. Ranar ce za a fara gwajin.

Farfesa mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faro maka daga wanda ya ƙera agogo. Ya ɗauko naɗin bandeji ya warware a kan tebur. Ya ce a cikin kowace ƙwayar jiki akwai zaren gado da ya fi mutum tsawo, an naɗe shi a kan 'yan kwarkwaro, su masana suna kiran wannan naɗi kuromatin. Ba cusa shi aka yi kamar tsumma a aljihu ba. An lanƙwasa shi unguwa-unguwa, kowace da katangarta. A cikin unguwa akwai ƙwayoyin gado, ya ce a ɗauke su fitilu, akwai kuma makunnai. Makunni ba ya kunna fitilar da ke bayan katanga.

“In katangar ta rushe fa?” in ji Sufeto.

“Sai makunnin wannan gida ya kunna fitilar maƙwabci, a lokacin da bai kamata ba. Fitilun yaron mun duba su, lafiyarsu ƙalau. Katanga muke zargi.”

Ya nuna taswira a fuskar kwamfuta, jajayen alwatika a jere, kowace unguwa ɗaya. An riga an zana ta uwar da ta uban. Amma ya ce kowane mai lafiya yana da 'yan tsage-tsage a katangunsa da ba sa cutar da shi, sai an ɗora ta yaron a kai za a san wace tsaga ce ta yi kisa.

Sufeto ya sa aka buɗe akwatin da kwalbar take. Lambobi ne kawai a jikin kwalaben, babu sunan kowa. Kusa da gurbin da ya zama wayam akwai wata mai lamba iri ɗaya. Farfesa ya ce ita ma ta yaron ce, amma zaren cikinta an warware shi tuni don karanta fitilun, ba zai nuna unguwa ko katanga ba. Wadda aka ɗauka ita ce aka zuba wa magani ya kafe naɗin yadda yake. In ta narke ta ɗumama, shi ke nan.

Sufeto ya durƙusa a gaban firjin ya shafa ƙasa da tafin hannu. Ya duba tafin. Ya zaga ɗakin a hankali har wurin wanke hannu da ke can ƙarshe, ya sake shafawa, ya ga yatsunsa sun yi toka-toka da garin ƙarfe.

Ya fara da maigadi, dattijo mai kunnen ɓera. Maigadi ya ce tun da aka tashi aiki babu wanda ya fita da kula ko akwatin ƙanƙara, don yana duba kayan kowa a ƙofa. Sufeto ya tambaye shi ko ya ji wani ƙara.

“Yallaɓai, firjin nan in aka bar shi a buɗe ihu yake yi kamar an taka jariri. Jiya ko tari bai yi ba.”

Sai mai gyaran firji, wanda ya zo jiya ya wanke injin. Shi kowa ke yi wa kallon ɓarawo, saboda da kayan yankan ƙarfe yake yawo. Ya juya kwaɗon a hannu ya yi dariya. Ya ce shi da ke da almakashin ƙarfe me zai kai shi wahala da zarto, kuma wanda ya yi wannan yanka bai iya ba, sai da zarton ya zame masa sau da yawa kafin ya kama. Maigadi ya shaida ya fita tun rana na tsaka. Sufeto ya sallame shi.

Makullin kwaɗon biyu ne. Ɗaya na Farfesa, ɗaya na mataimakiyarsa da kowa ke kira Dokta. Ita ce yayar mai cikin, ita ta roƙi a karɓi gwajin, ita ta zana taswirar iyayen da hannunta. Idanunta sun kumbura. Ta ce ta kulle firjin da aka tashi, ta tafi gida. Amsoshinta gajeru ne, babu wanda ya kauce.

Sufeto ya roƙi Farfesa ya sake buɗe firjin ya nuna masa yadda aka jera kaya. Farfesa ya buɗe, ya jawo akwati ya ajiye a karkace, sai wani bayani ya taso masa. Ya juya baya yana magana, farin tururin sanyi na zubowa a ƙafafunsa. Dokta tana can gefe. Ta jure kaɗan. Sai ta taso, ta daidaita akwatin, ta tura ƙofar da ƙugu, ta danne mariƙin har ya yi ƙas. Ko sanin ta yi ba ta yi ba.

Sufeto ya nemi kowa ya ba su wuri, shi da Dokta. Ya ja kujera ya zauna, ya ce ita ma ta zauna. Bai ji daɗin abin da zai faɗa ba, shi ya sa ya faɗe shi a hankali.

Ya ce garin ƙarfen yana wurin wanke hannu, babu ko ɗigo a gaban firji. Ke nan da makulli aka buɗe kwaɗon, aka kai shi can aka yanka don a ce ɓarawon waje ne. Ɓarawon waje kuwa ba zai bambance kwalba biyu masu lamba ɗaya ba. Wanda ya ɗauki mai naɗin ya bar warwararriyar ya san a katanga amsar take. Saura mutum biyu. Farfesa ya nuna yanzu cewa in shi ne, da firjin ya tara jama'ar asibitin da ihu.

“Ɓarawon nan ya fasa kwaɗo, amma ya kasa barin ƙofa a buɗe,” in ji shi. “Ya mayar da akwati a layinsa. Mai irin wannan hannu ba zai sa kwalba a aljihu ta narke ba, kuma babu ƙanƙarar da ta fita ƙofa. Dokta, kwalbar ba ta bar firjin nan ba. A wane akwati kika sa ta?”



“Na kwalaben ɓerayen gwaji,” ta ce. “Can ƙasa, ta baya.”

Sauran ya fito da kansa. Da ta zana taswirar ƙanwarta, ta ga unguwa biyu sun haɗe sun zama ɗaya, a daidai wurin da ke kula da ginin yatsu da zuciya. Ta uban babu komai a wurin. Ta san in aka ɗora ta yaron, magana ta ƙare: daga jininsu ne. Ita kuwa ita ta yi jinyar ƙanwar bayan rasuwar, tana ba ta abinci a baki, kuma ta ji ta da kunnenta tana cewa in ita ta jawo wa yaron, ba ta san yadda za ta ci gaba da rayuwa ba. Niyyarta ta yi gwajin a ɓoye, ta raɗa wa likitan haihuwa inda zai duba, ba tare da an ce daga wa ya fito ba. Sufeto ya tambaye ta ko likita zai yi wa jariri aiki a kan raɗa. Ta girgiza kai. Ta ce tun tana yankan kwaɗon ta san ba zai yi ba.

Ya buɗe ƙofa ya kira mai cikin. Ta shigo tana dafa bango. Dokta ce ta faɗa mata, ba ta rage komai ba, kuma ba ta iya ɗaga kai ba har ta gama.

Ƙanwar ta tambaya ko kwalbar ta lalace, aka ce mata a'a.

“Yaya, wannan maganar na yi ta ne lokacin da hannuna babu kowa,” ta ce, ta dafa cikinta. “Yanzu ga wani yana motsi. In daga gare ni ne, to daga gare ni ne. A duba masa.”

Farfesa, da ya biyo ta ciki, ya ce shi bai ga abin kai ƙara ba, tunda kayansa ba su bar ɗakinsa ba, amma makullin zai dawo hannunsa. Sufeto ya rubuta cewa an lalata kwaɗo ɗaya, an samu kaya. Yana rufe biro ya ga Dokta ta sa safar hannu, ta durƙusa ta jawo akwatin ɓeraye. Ta zaro kwalbar, fara fat da sanyi, ta miƙa wa Farfesa. Shi kuwa ya ƙi karɓa. Ya ce babu wanda ya kai ta iya wannan gwaji, ta fara kawai, zai tsaya a kanta.

Ta dasa kwalbar a cikin ƙanƙara, ta tura ƙofar firjin da ƙugu. Ƙanwar ta jawo kujera kusa da teburin ta zauna, ta ce ba za ta koma baranda ba.