Robar Hijabin Yaya Barira

A unguwar Satwa, a birnin Dubai, akwai wata yarinya mai shekara goma sha ɗaya. Jikinta yana Satwa, amma hankalinta kullum yana filin ƙwallon kwando.

Mahaifiyarta tana da ɗan shagon ɗinki a ƙasan benen da suke zaune. In yarinyar ta dawo daga makaranta, sai a sa ta share ƙyallaye. To, ita ba ta iya shara irin ta kowa ba. Sai ta dunƙule ƙyalle, ta ja da baya har bakin ƙofa, ta auna kwandon shara. In ya faɗa, sai ta ji mutum dubu goma sun tashi suna yi mata tafi. In bai faɗa ba, sai ta ce laifin fanka ne.

Da yamma takan leƙa ta taga. Dogayen gine-ginen Dubai suna tsaye cikin hucin zafi. A idonta ba gine-gine ba ne. 'Yan mata ne dogaye, sun ɗaga hannu suna jiran ƙwallo. Rana kuwa ita ce ƙwallon, tana sauka sannu a hankali har ta faɗa teku.

"Ke Auta, kin sake tafiya ko?" in ji Umma.

"Ina nan, Umma."

"Ƙafarki ce take nan. Dawo mini da sauran."

Ita da ƙawayenta suna da zauren hira a waya. Sunansa Zauren Kwando. Yarinyar tana shiga ne da tsohuwar wayar Baba. A nan suke hirar 'yan matan jami'a masu buga ƙwallon kwando. Wace ce ta fi tsalle? Wace ce ta fi saiti? Wa za a kira gasar ƙasashe? Babu wadda ta taɓa riƙe usur a cikinsu, amma kowace alƙaliyar wasa ce.

Babbar ƙawarta ita ce Fauzia, wadda iyayenta 'yan Zangon Kumasi ne a ƙasar Gana. Akwai kuma Hafsa, sarauniyar musu. Ko cewa ka yi ruwa yana jiƙa mutum, sai Hafsa ta ce ba kullum ba.

Gwanar yarinyar ɗaya ce, sunanta Barira. A Kano aka haifi Barira, a Gwammaja, gidansu yana jikin gidan su Umma. Yanzu tana karatu a wata jami'a a Amurka, kuma tana buga wa jami'ar wasa da hijabinta. Yarinyar ba ta taɓa ganinta ido da ido ba. Amma a mafarki sun yi wasa tare ya fi sau ɗari.

Ranar nan sai ga labari mai daɗi. Za a yi gasar jami'o'i na ƙasashe takwas a nan Dubai, kuma har da su Barira. Suna sauka a Dubai, Barira ta kira Umma.

"Umma, hijabina yana da kauri, ga zafin garinku. Don Allah ki ɗinka mini marar nauyi."

"An gama, 'yata," in ji Umma.

Umma ta zaɓi yadi shuɗi mai shan iska. Ta yanka, ta ɗinka, ta yi masa kalmasa a zagayen fuska. Saura abu ɗaya, wato robar da za ta riƙe shi a kai.

"Auta, zan je Deira sayen zare," in ji Umma. "Ki zura robar nan cikin kalmasa. In kin gama, ki haɗa bakinta biyu, ki ɗinke sau biyar, gaba da baya. Kin ji ko? Sau biyar."

"Na ji, Umma."

Murna ta kama yarinyar. Hannunta a hijabin Yaya Barira! Ta maƙala fil a bakin roba, ta zura, ta ja, har ya fito ta ɗaya gefen. Ta ɗauko allura ke nan, sai waya ta yi ƙara.

Hafsa ce a Zauren Kwando. Ta rubuta, "Barira gajera ce a cikin dogaye. 'Yan Sifen za su hana ta ganin kwando."

Ina yarinyar za ta iya jure wannan? Ta ajiye allura. Ta yi wa robar ɗan ƙulli sako-sako, ta ce, "Yanzu zan dawo." Ta tura ƙullin cikin kalmasa don kada ya zame.

Aka shiga musu. Ta rubuta, Hafsa ta rubuta, Fauzia ta shigo da nata. Daga nan sai tunani ya ɗauke ta. Ta ga kanta cikin fili mai sheƙi, fitilu suna haskawa. Yaya Barira ta miƙo mata ƙwallo. Ta yi tsalle, ta yi ta tashi, ta yi ta tashi, ba ta sauko ba sai da ta ji sallamar Umma.

"Kin gama?"

"Na gama, Umma."

Maganar tana fita ta tuna da allurar. Amma Umma ta riga ta ninke hijabin ta sa a leda. Baba kuma yana bakin ƙofa, zai biya ya kai wa Barira masauki kafin ya wuce aikinsa a Jebel Ali.

"Yalla, maza ku ba ni, kada na makara," in ji Baba.

Yarinyar ta ce a ranta, "Ai ƙulli ƙulli ne. Zai riƙe."

Ranar Laraba da la'asar aka buga wasan farko. Umma da yarinyar da Fauzia suka haɗa kai a kan waya ɗaya a cikin shago. Barira ta fito da shuɗin hijabinta. Kai, ranar ta yi wasa! Ta bi ta nan, ta ɓulla ta can, ta jefa, ta ci. Umma da ba ta san dokar wasan ba har da ita a tafi.

Saura daƙiƙa biyar a tashi, 'yan Sifen suna gaba da maki ɗaya. Ƙwallo ya zo hannun Barira. Ta yi tsalle. Sai hijabin ya saki, ya zamo ya rufe mata ido. Ta kai hannu ɗaya ta riƙe shi. Ƙwallon ya bugi bakin ƙarfe ya dawo. Alƙalin wasa ya busa usur.

An cinye su Barira da maki ɗaya.

Kafin magariba Zauren Kwando ya cika. Wata ta turo hoton Barira da hijabi a fuska. Wata ta ce mutane a ko'ina suna ta yaɗa shi suna dariya.

"Na faɗa muku," in ji Hafsa. "Ba a haɗa wasa da hijabi. Ko ta cire, ko ta zauna a benci."

"Haba Hafsa, ki ji tsoron Allah!" in ji Fauzia. "Maki goma sha takwas ta ci yau."

"Ɗayan da ta zubar shi ne magana. Khalas, zance ya ƙare."

Fauzia, da har lokacin take shagon, ta juyo ga ƙawarta. "Ke ba za ki ce komai ba? Gwanarki fa ake zagi."

Yarinyar da ba a taɓa rufe mata baki a zaure ba, yau ko harafi ba ta rubuta ba. Ta je taga. Gine-ginen suna nan tsaye, amma sun ƙi zama 'yan wasa. Siminti ne kawai da gilashi. Kunya da tsoro suka kama ta, har tuwon dare ta kasa ci.

Washegari bayan makaranta, wata doguwar budurwa ta yi sallama a shago. Sai da ta sunkuya kafin ta shigo. Yaya Barira ce da kanta, riƙe da shuɗin hijabi. Yarinyar ta sha yin mafarkin wannan rana. Amma a mafarkin ba ta taɓa ɓuya a bayan keken ɗinki ba.

Barira ta durƙusa ta gaida Umma. Bayan sun gaisa ta ce, "Umma, mai horar da mu ta ce in ban sami wanda zai zauna a kaina ba, ranar Asabar a benci zan kalli wasa."

Ta ci gaba da cewa, "Ba faɗuwar ce ta fi damuna ba. Akwai yara da yawa da suke kallona. Iyayensu sun bar su suna wasa ne saboda sun ga ina yi da hijabina. Yanzu ga abin da ake faɗa."

Umma ta karɓi hijabin. "Ki yafe mini, 'yata. Shekara ashirin ina ɗinki, ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Wataƙila idona ne ya fara gajiya. Daga yau na daina ɗinka irin wannan."

Yarinyar ta ga idon Umma ya kawo ruwa. Wannan kam ya fi ƙarfinta. Ta fito daga bayan keke.

"Umma, ba idonki ba ne. Ni ce."

Suka juyo gaba ɗaya.

"Ban ɗinke robar ba. Ƙulla ta kawai na yi, na tafi musu a waya. Da kika tambaye ni, na ce na gama. Ƙarya na yi." Sai kuka ya ƙwace mata.

Umma ta ɗauki almakashi ta farke gefen kalmasa. Ga robar nan, baki ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Ko zare ɗaya babu a jiki.

"Mantuwa kowa yana yi, Auta," in ji Umma. "Amma da kin faɗa mini a lokacin, minti biyu ya isa gyara. Dubi inda shirunki ya kai mu."

"Ki yafe mini, Umma. Yaya Barira, ki yafe mini."

Barira ta tsuguna har tsawonsu ya zo ɗaya. "Ƙanwata, me kike tunani lokacin da kika bar allurar?"

"Ina mafarkin muna wasa tare. Kin ba ni ƙwallo, na ci."

Barira ta yi dariya. "Ashe ke ma irina ce. Ni ma mai mafarki ce tun ina Gwammaja. Amma kin san abin da nake yi kowace safiya? Jifa ɗari biyu, ni kaɗai. Ba mai kallo, ba mai tafi. Wannan ne yake riƙe da abin da kike gani a waya. Ke ma robar nan ba mai ganinta, amma ita ce ta riƙe wasan gaba ɗaya."

Umma ta miƙa wa yarinyar sabuwar roba da allura. "Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Sannan ki faɗa wa ƙawayenki gaskiya. Bayan haka wayar za ta huta a hannuna mako guda."

Yarinyar ta zauna. Ta zura robar, ta haɗa bakinta. Ɗaya, biyu, uku. Allura ta soke ta a yatsa, ba ta ko ɗaga kai ba. Huɗu, biyar. Ta ƙara na shida don ta tabbata.

Umma ta ja robar da ƙarfi, ta gyaɗa kai. Barira ta saka hijabin. Ta girgiza kai hagu da dama. Ta yi tsalle har ta kusa taɓa fanka.

"Shwaiya shwaiya, a hankali, kada ki karya mini shago!" in ji Umma. Duk suka yi dariya.

Sannan yarinyar ta rubuta a Zauren Kwando. "Ba laifin Yaya Barira ba ne, ba kuma laifin hijabi ba. Ni aka ba ɗinkin robar, na yi ha'inci. Ku daina tura hoton nan, don Allah."

Can sai ga Fauzia. "Kin yi ƙoƙari, ƙawata." Hafsa ma ta rubuta, "Na goge hoton. Na yi saurin magana." A tarihin zauren, ranar ce ta farko da Hafsa ta janye musu.

Ranar Asabar Baba ya kai su filin wasa, har da Fauzia da Hafsa. Fitilu suna haskawa, fili yana sheƙi, kamar dai yadda yarinyar take gani a mafarki. Mai horarwa ta duba hijabin, ta ɗan ja shi, ta ce wa Barira ta shiga.

Kowa a filin yana bin ƙwallo da ido. Yarinyar ita kaɗai take kallon shuɗin hijabi. Barira ta yi gudu, bai motsa ba. Aka ture ta ta faɗi, bai motsa ba. Dab da tashi ta yi tsalle ta jefa daga nesa. Ƙwallon ya yi ta shawagi a sama, sannan ya faɗa kwando. Su Barira suka yi nasara.

Filin ya kaure da sowa. Hafsa ce ta fi kowa ihu. Barira ta juyo wajen da suke zaune, ta taɓa gefen hijabinta da yatsa, ta ɗaga wa yarinyar hannu.

A hanyar gida Umma ta tambaye ta, "To Auta, me kika koya?"

"Na koyi cewa ba a raina ƙaramin aiki, Umma. In an ba ni aiki, in gama shi kafin in tafi mafarki. In kuma na yi kuskure, in faɗi gaskiya da wuri."

"Haka ne," in ji Umma. "Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido."

Yarinyar ta leƙa ta tagar mota. Dogayen 'yan matan nan sun dawo, sun ɗaga hannu suna jiran rana ta faɗo. Ta yi musu murmushi. Har yanzu tana mafarki, amma sai ta ɗinke robarta tukuna.